Dutsen Taimamar Hajiya Ummakulsum

Da hantsin ranar Talata aka gane an sace dutsen taimamar Hajiya Ummakulsum, kafin azahar kuwa mutanen layin nan na Fagge sun gama yanke hukunci: Ambrose mai tayil ne. Ba su ɓata lokaci ba. Shaida ɗaya ta ishe su, wai an gan shi jiya ya fito daga gidan da jakar aikinsa a kafaɗa, sai ka ce akwai ranar da ya taɓa fitowa ba da ita ba.

Baba Ilu yana kishingiɗe a soronsa yana shafa man zafi a gwiwa sa'ad da matar Ambrose ta yi sallama. Shekarunsa saba'in da huɗu. A zamaninsa, in an kore shanun wani, shi ake aikawa a ɗauko, ya bi sawu kwana uku cikin daji har ya tsaya a ƙofar gidan ɓarawo. Yanzu gari ya koma siminti da kwalta, ƙasa ta daina magana, shi ma ya gaji da tambayarta.

"Baba, sun kulle shi a ofishin 'yan sintiri," in ji Felicia, wadda kowa ke kira Maman Uchechi. "Mai unguwa ya ce in dutse bai fito ba kafin la'asar ɗin gobe, sai wajen 'yan sanda. Samari kuma sun ce su da kansu za su zo Sabon Gari su bincike shagonmu. Ka san binciken samari."

Ya sani sarai. Ya taɓa ganin shagon da aka yi wa irin binciken, ko ƙofa ba a bari ba.

"Maman Uchechi, mijinki ne fa ya kashe mini sana'a. Duk tsakar gidan da ya shiga sai ya rufe ta da bulon daɓe, intalok ɗin nan. Sawun me zan bi, a kan me?"

"Shekara talatin da ɗaya yana shiga gidan Hajiya, Baba. Ranar da mijinta marigayi Alhaji ya faɗi, a motarsa aka kai shi asibiti. Yau shi ne ɓarawon dutse?"

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun Ilu ke nan. Ya laluba sandarsa, ya miƙe a hankali, gwiwoyin suna ƙara kamar tsohon ƙyaure.

* * *

Malam Habibullah, babban ɗan Hajiya, ma'aikacin gwamnati ne mai son a yi komai a rubuce, amma yau ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. A tsakar gida ya tari Ilu, ya zayyana masa labari.

Dutsen girman ƙaramar ƙwarya ne, ja-ja, mai nauyin gaske. Kakan Hajiya ne ya zo da shi a kan raƙumi tare da gishiri, daga gindin wani tsauni can wajen Ingal a ƙasar Nijar. Tun da ciwo ya kwantar da ita shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ido ya tafi, likita kuma ya hana ta yawan taɓa ruwa, da shi take taimama. Makon jiya Ambrose ya fara gyaran tayil ɗin ɗakinta, ya ɗaga dutsen zai matsar, sai ya tsaya yana jujjuya shi. Ya ce wannan ai gaɓar ƙashin bayan wata ƙatuwar dabba ce ta tun kafin a yi mutane. Habibullah ya yi murna, ya gayyaci wata malamar jami'a ta zo ranar Alhamis ta gani.

"Yau na shiga zan ɗauki hotonsa in tura mata, sai na tarar da wannan a kan faifan da ake ɗora shi." Ya nuna wani baƙin dutse mai santsi. "An musanya, don an san ba ta gani. Wa ke da duwatsu in ba shi ba? Wa ya san darajarsa in ba shi ba? Biri ya yi kama da mutum, Baba Ilu."

Ilu ya karɓi dutsen ya shinshina. Ƙamshin sabulu ne, a can ƙasansa kuma wani ɗan yaji-yaji da sabulun bai iya kashewa ba. Ya ajiye shi, ya dubi Habibullah.

"Wa ke kula da Hajiya?"

"Ƙanwata, Nana Hafsat. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida. Ita ke kai mata dutsen sau biyar a rana."

Nana Hafsat ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani, mace mai kimanin shekara hamsin, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce jiya Ambrose ya tafi da azahar, ita kuma tana ta hidimar girki, ba ta lura da komai ba.

"Kin kai mata dutse da la'asar da magariba da isha da asuba, ba ki ji hannunki ya sauya ba?"

"Faifan nake turawa kusa da ita, Baba. Ɗakin kuma duhu."

Kafin ya shiga wajen tsohuwar, Habibullah ya riƙo hannun rigarsa. "Don Allah kar ka ambaci maganar Ambrose. Ba mu gaya mata an kama kowa ba. Hawan jini."

Hajiya Ummakulsum tana jingine da matashi, ta ƙanƙance kamar yarinya, amma muryar tana nan.

"Ilu ne? Ka tsufa, ina jin yadda kake jan ƙafa."

"Hajiya, an ce an ɗauke miki dutse."

"An kawo wani. Dutse dutse ne, Ilu. Ka gaida gida."

Ya fito yana tunani. Matar da ta riƙe abin kakanta shekara da shekaru, a ɗauke shi ta ce dutse dutse ne? Ruwa ba ya tsami banza.

* * *

Ofishin 'yan sintiri ɗaki ɗaya ne da benci biyu. Ambrose yana zaune a ƙasa, an karɓe masa takalmi, furfurarsa ta yi buzu-buzu. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu masu tsaronsa.

"Baba Ilu, sun kira ka ka bi sawuna?"

"A kan intalok ɗinka? Allah ya isa tsakanina da kai." Ilu ya zauna a benci da ƙyar. "Me ya kai ka buɗe baki a kan dutsen mutane?"

"Tsuntsun da ya ja ruwa, ko?" Ambrose ya yi wata dariya marar daɗi. "Ina saurayi na yi shekara shida a wajen fasa dutse a ƙasar Gombe. In aka yanka tsauni, Baba, sai ka gan shi hawa-hawa, shimfiɗa kan shimfiɗa kamar an jibge tabarmi. Wannan fara, wannan toka-toka, wannan ja. Injiniyanmu ya ce kowace shimfiɗa zamani ce, ta ƙasa ta girmi ta sama. A cikin wata muna samun katantanwar teku ta zama dutse, wata faɗin faranti. Teku, a Gombe! Ya ce lokacin da wannan laka ta kwanta, wasu manyan dabbobi ne ke yawo a duniya, dainoso, wani tsawonsa ya fi tirela. Shekara wajen miliyan ɗari. Ya nuna mana hotunan ƙasusuwansu da aka tono a Nijar. Da na ɗaga dutsen Mama sai na ga hoton nan a hannuna. Daɗi ne ya kama ni, shi ke nan. Shekara talatin ina wucewa ta gefensa ban taɓa ɗagawa ba."

"Wa ke wurin da ka faɗa?"

"Malam Habibu, da Anti Nana tana shara a bakin ƙofa. Mama tana barci. Sai Nu'uman mai magani, ya zo gaisuwa. Shi har cewa ya yi a bar shi ya kankari kaɗan."

Ilu ya gyaɗa kai. Da ya tashi tafiya, Ambrose ya ce a hankali, "Ba kulle ni ne ya dame ni ba, Baba. Malam Habibu ne ya nuna ni da yatsa. Ni na koya masa tuƙin mota."

* * *

Daga Fagge zuwa unguwar Bata ba nisa, amma ga mai gwiwa irin ta Ilu tafiyar Makka ce. Ya kutsa tsakanin 'yan adaidaita da masu tura kaya har ya iske Nu'uman, ɗan ƙanin marigayi Alhaji, a bayan wata tsohuwar mota da lasifika a kanta, yana tallan maganin basir da sanyin ƙashi. A jikin gilashin motar an jera ƙananan ƙulli, an rubuta: Garin Ƙashin Samudawa.

Zuciyar Ilu ta ɗan motsa, irin motsin da ta daɗe ba ta yi ba. Ya ɗauki ƙulli ɗaya ya kwance, ya dangwala a harshe, ya tofar.

"Jan bulo ne wannan."

Nu'uman ya rage ƙarar lasifika da sauri. "Haba Baba, a hankali mana, kasuwa ake ci."

"Ina dutsen Hajiya?"

"Wallahi tallahi ban ɗauka ba. Na roƙa a ba ni in kankara, Anti Nana ta kore ni da tsintsiya. To da na ji sunan ya yi daɗin talla, sai na ga me zai sa in jira na gaske? Bulo ya ƙare a Kano ne? Jiya ma tun safe ina kasuwar ƙauye, sai bayan isha na dawo, tambayi direbana."

Ilu ya tambaya, haka ne. Maƙaryaci ne na ƙin ƙarawa, amma ba shi ne ɓarawon ba.

Ya ƙarasa Sabon Gari, shagon Ambrose. Maman Uchechi ta buɗe masa ko'ina. Tayil ne da mabul da farar ƙasa, kowane dutse da yankan inji a jikinsa, babu ko ɗaya mai santsin hannu irin wanda aka bari a kan faifan. Wannan bai isa ya fitar da mutum daga kulle ba. A tsallaken titi ya hangi samari uku 'yan layinsu zaune a kan babura, suna kallon shagon, ba sa sayen komai.

Ya koma gida a adaidaita, bai iya cin tuwo ba.

* * *

Da asubar Laraba aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ko da akwai sauran sawu a wani lungu, to ya tafi. Da hantsi Ilu ya ja ƙafa zuwa gidan Hajiya da niyyar ya ce wa Habibullah ya gaza, a nemi wani. Bai same shi ba, aka ce ya fita. Gwiwa ta ƙi yarda ya juya nan take, sai ya zauna a kan wani turmi da aka kifa a tsakar gida, yana haki, yana kallon ƙasa don ba shi da abin kallo.

Tsakar gidan aikin Ambrose ce tun shekara takwas. Duk abin da za ka zage shi da shi, ba ka ce bai iya gangara ba: ruwan da aka yi da asuba ya bi ta magudana ya fice, ko'ina ya tsane. Ko'ina, ban da wuri ɗaya. A gefen bishiyar lemun tsami, ruwa ya kwanta faɗin tire.

Ilu ya daɗe yana kallon wannan ɗan ruwa. Sannan ya sauka a kan gwiwoyin da ya rantse ba zai ƙara durƙusawa da su ba sai a salla. Bulo huɗu sun nutsa kaɗan. An jera tsakar gidan ja, fari, ja, fari, amma a nan ja biyu sun haɗa kafaɗa. A bakin ɗaya akwai karcen tsinin wuƙa.

Ya leƙa kicin. Babban dutsen niƙa yana jingine a lungu, ƙura ta rufe shi tun da injin markaɗe ya shigo gidan. Ɗansa, wanda ake murzawa da shi, ba ya nan.

Bai ji daɗin da yakan ji a da ba in sawu ya kai shi ƙofa. Tausayi ne ya kama shi, da gajiya.

* * *

Bayan azahar ya sa aka tara su a tsakar gidan: mai unguwa, Habibullah, Nu'uman yana ta zare ido, Nana Hafsat a bakin kicin, Maman Uchechi a tsaye ta harɗe hannu. 'Yan sintiri biyu suka shigo da Ambrose ba takalmi. Samari suka cika soro. Ilu ya ce a ɗage labulen ɗakin Hajiya, Habibullah ya so ya hana, mai unguwa ya ce a ɗage.

"Ambrose, zo ka duba nan. Aikinka ne?"

Ambrose ya dubi bulo huɗun nan, fuskarsa ta yamutse kamar an zage shi. "Ni? Ja kusa da ja? Ko a makance ba zan yi wannan ba. Ba a ma daddaɓe yashin ba."

"Na sani. Ɓarawon da ya zo da jaka, a jaka yake fita da kaya, ba ya tsayawa tona rami a gidan mutane da rana tsaka. Kuma ɓarawo ba ya wanke dutsen da zai musanya da sabulu. Wanda ya wanke shi so yake ya tsarkaka, don ya san salla za a yi da shi. A ɗaga."

Ɗan sintiri ya ɗaga bulon, ya tona da hannu. Ba a yi nisa ba ya ciro wani abu mai nauyi, an naɗe shi da farin ƙyalle sabo fil, an ɗaure da kyau. Samarin soro suka miƙo wuya.

Ba wanda ya tambayi Nana Hafsat. Ita ce ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Ya ce ƙashi ne," ta faɗa. "A Islamiyya an koya mana ba a taimama da ƙashi. Shekara goma sha ɗaya, Yaya! Sau biyar kullum, da hannuna nake tura mata. Sai malamar jami'a ta zo ta tsaya a kanta ta ce ƙashi ne, ta ji da kunnenta, a wannan shekarun, cewa sallolinta... Ina za ta rama su? Na ce gara ya ɓata. Ƙashi kuma binne shi ake yi, shi ya sa na binne."

"Kina kallo aka tafi da bawan Allah nan," in ji mai unguwa.

"Na ɗauka za a tambaye shi a sake shi. Da abin ya girma sai bakina ya mutu. Kwana na yi ban runtsa ba."

"Wa aka tafi da shi?"

Muryar daga ɗaki ta fito. Ilu ne ya amsa, don shi ya gaji da rufa-rufa. Ya gaya mata duka.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Nana, tun la'asar ɗin Litinin na san ɗan dutsen niƙana ne, ni da na yi shekara arba'in ina murza shi. Na yi shiru don na san hannun da ya kawo. Da kin tambaye ni! Kakana da ya ɗauko shi ya san siffar ƙashi ce, makiyayi ne, ya fi ku sanin gadon bayan dabba. Ya kai wa mahaifina, wanda ya karantar da rabin unguwar nan. Mahaifina ya ƙwanƙwasa, ya sa a wuta, ya ce abin da ƙasa ta cinye ta mayar dutse, hukuncin ƙasa gare shi. Ambrose, kana nan? Kai ne mai dutse. Faɗa mata."

Ambrose ya kwance ƙyallen, ya ciro guduma daga jakarsa da aka ajiye a matsayin shaida, ya ɗan buga gefe. Dutsen ya yi ƙara siririya.

"Ƙashi ba ya wannan kuka, Anti Nana. Ruwa ne ya yi ta ratsa shi a cikin tsauni yana ajiye ma'adini, har dutse ya gaje wurin. Siffar ce ta rage. Da kin bari na ƙarasa magana ranar nan, da na faɗa."

Ya shiga ɗakin, ya ɗauke ɗan dutsen niƙa daga kan faifan, ya ajiye na kakanta, ya kamo hannunta ya ɗora a kai. Yatsunta suka bi ramukan da suka sani.

"Ka yafe mana, ɗana. Gidan nan ya ci amanarka."

"Ba komai, Mama."

Habibullah ya matso yana murza hula, ya fara wani dogon bayani mai kama da takardar ofis, cewa shaiɗan ne, kuma kowa a matsayinsa haka zai zata. Ambrose ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ba komai, Malam. Samarin soro suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

Aka kawo masa takalminsa. Kafin ya sa, sai ya durƙusa a gindin lemun tsamin, ya mayar da yashi, ya daddaɓe, ya jera bulon huɗu ja, fari, ja, fari, ya ɗora ƙafa ya gwada. Ya ɗauki jakarsa, ya ce wa matarsa su tafi.

Ilu ya raka su bakin ƙofa. Layin ba kwalta, ruwan asuba ya bar shi da laka mai laushi, irin ƙasar da ya kwana biyu yana nema bai samu ba. Ya san sawun Ambrose a wannan ƙofa tun shekaru. Kullum in ya fito, ƙafar hagu takan karkace a bakin dakali, don yakan juya ya ɗaga murya ya ce, "Mama, sai na dawo."

Ilu ya sunkuya ya duba. Sawun ya miƙe sak daga bakin ƙofa har kwana, ga na matarsa a gefe, babu inda ya karkace.

Shekara ashirin yana tsine wa siminti. Yau kam ya so a ce layin nan ma an shimfiɗe shi.